Gwajin jini da lokacin daina al'ada: kurakuran da aka fi yi

Kwanakin baya gwaggona, mai shekara 46, ta zaro wata takarda daga jaka ta miƙo min. "Ke 'yar nan, duba min. An ce FSH ɗina ya haura 30, wai na gama ke nan." Bayan wata biyu al'ada ta dawo mata, ana tsakiyar azumi, har da rankon kwana shida.

Babban kuskuren ke nan: a yi gwaji sau ɗaya a yanke hukunci. FSH sinadari ne da wata 'yar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa don ta zaburar da ma'ajiyar ƙwai. Idan ƙwai suka fara ƙarewa sai ya hau. Amma a shekarun da al'ada ke tangal-tangal ba ya zama wuri ɗaya: wannan watan yana sama, na gaba ya sauko kamar na budurwa. Shi ya sa ƙa'idojin da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2015 suka ce mace mai lafiya da ta wuce 45 ba ta bukatar wannan gwajin. Shekarunta da alamominta sun isa, wato rikicewar al'ada, zafin da ke taso wa jiki kwatsam, da zufar dare. Ba a cewa ta daina sai ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Inda gwajin yake da amfani na gaske shi ne ga wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai 40, ita ma likitan mata ne zai duba ko akwai bukatar a maimaita bayan wasu makonni.

Sai kuma AMH, wani sinadari da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa, wanda ake ta yayatawa kamar agogon daina al'ada. Gaskiya ne ya fi FSH natsuwa, yana kuma nuna yawan ƙwan da suka rage. A 2010 wasu masu bincike na Tehran, ƙarƙashin Dakta Fahimeh Ramezani Tehrani, sun gabatar da aikinsu kan mata 266 a wani taro a birnin Rum, jaridu suka ɗauka da zafi cewa an samo gwajin da zai faɗa wa mace shekarar da za ta daina. Abin bai kai nan ba. Ga mai dab da 50, AMH da ya yi ƙasa sosai yana nuna lokaci ya ƙarato. Ga 'yar shekara 28 kuwa, kintace ne mai faɗin gaske. Kuma ƙarancinsa ba ya nufin ba za ki ɗauki ciki ba. Na ga amare suna kuka a kan lambar da ba ta faɗi haka ba.

Da yawa kuma ba sa gaya wa likita abin da suke sha. Ƙwayar tsarin iyali mai haɗin sinadari biyu tana danne FSH, tana ɗan rage AMH, allura da ashanar fata kuma kan ɗauke al'ada gaba ɗaya. Ki faɗa tun kafin a ɗebi jinin. Haka nan ciki, shayarwa da cutar tayirod (wata ƙwaya da ke gaban wuya) duk suna tsayar da al'ada, don haka a fara da gwajin ciki, shi ya fi arha.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne a ga lamba ta hau a jefar da tsarin iyali. Idan kin haura 50, ki ci gaba har shekara ɗaya bayan jinin ƙarshe. Idan ba ki kai ba, shekara biyu. Jinin da ya zo bayan wata 12 ɗin nan kuwa, kada ki ce al'ada ce ta dawo. Ko ɗigo ne, ki je asibiti a duba mahaifa.