Darasi na Tara: Sayen Laftof na Hannu ta Intanet

Yawancin kwamfutocin laftof da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu a garuruwanmu ba sababbi ba ne. Tokumbo ne. Ofisoshi da kamfanoni a Amurka da Turai ne suka yi aiki da su na wasu shekaru, suka sauya sababbi, 'yan kasuwa suka kwaso tsofaffin zuwa Legas. Daga Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba suke bazuwa zuwa titin Beirut a Kano, Banex a Abuja, da sauran kasuwanni. Waɗanda aka fi gani su ne Dell Latitude, HP EliteBook da Lenovo ThinkPad. Da ƙwari aka ƙera su, domin aikin ofis aka yi su, shi ya sa sau da yawa tsohuwarsu kan fi sabuwa mai araha ƙarko.

Sayen na hannu ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake sayen yanzu. Mutum ya ga hoto a Jiji ko Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi ta banki, a ba direba saƙo a tasha. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma wanda ke nesa da babbar kasuwa ba shi da zaɓi da yawa. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka rage hatsarin.

Garanti iri biyu ne

Na farko shi ne na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Yawanci shekara ɗaya ne, na kwamfutocin ofis kuma yakan kai shekara uku. Ana fara lissafinsa tun lokacin da mai ita na farko ya saya, ba daga ranar da kai ka saya ba. Idan ta shekara huɗu a wani ofis, galibi garantinta ya riga ya ƙare, ko da mai sayarwa ya rantse cewa da saura.

Kana iya tabbatarwa da kanka kafin ka biya ko sisi. Kowace laftof tana da lambar shaida, galibi a ƙarƙashinta. A Dell sunanta Service Tag, haruffa da lambobi ne guda 7. HP da Lenovo ma suna da tasu. Ka ce mai sayarwa ya ɗauki hoton lambar ya turo maka. Ka shiga shafin kamfanin na intanet, sashen garanti, ka rubuta ta. Zai nuna maka ainihin samfurin kwamfutar da ranar da garantinta ya ƙare ko zai ƙare. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan turo wannan hoto, ka bar masa kayansa.

Ko da ka tarar da saura a garantin, kada ka saki jiki. An yi masa rajista ne da sunan wani, a wata ƙasa, kuma ba kowane garanti ke aiki a wajen ƙasar da aka sayi kaya ba. Dell, alal misali, sai an cike takardar sauya mai mallaka, ita kuwa tana neman bayanan mai ita na farko, wanda ba ka san shi ba, mai yiwuwa shi ma mai shagon bai san shi ba. Ban da haka, garantin da aka saba bayarwa ba ya ɗaukar nauyin ɓarin ruwa, faɗuwa, ko ƙonewa idan an kawo wuta da ƙarfi.

Na biyu shi ne na mai sayarwa, kuma a gaskiya shi kaɗai ne naka. Wani ya ce sati ɗaya, wani sati biyu, mai kirki ya ce wata ɗaya. Galibi da baki ake faɗa, ita kuwa maganar baki ba ta da shaida. Ka sa a rubuta maka, ko a rasit ko a saƙon waya. Ga yadda za a iya yin maganar:

"Alhaji, garantin nan na sati ɗaya, daga yau da na biya za a fara ƙirge, ko daga ranar da ta iso hannuna?"

"Haba Malam, ai kayana ba sa dawowa. Ka kwantar da hankalinka."

"Allah Ya sa. Amma ranka ya daɗe, a rubuta min: daga ranar da ta iso. In kuma ta ba da matsala, canji za a yi min ko kuɗina za a maido? Kuɗin motar mayar da ita, ni zan biya ko kai?"

Tambayoyin nan uku su ne ƙashin bayan cinikin. Ɗauki ta farko. Idan daga ranar biya ake ƙirge, saƙo kuma ya kwana huɗu a hanya, kwana uku kacal ya rage maka. Ka kuma tambayi abin da garantin bai shafa ba, domin da yawa suna cire allo da batir da caja.

Jiji da Facebook wurin talla ne kawai. Ba su ne ke riƙe kuɗinka ba, tsakaninka da mai kaya ne. Jiji da kanta tana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Masu saye daga waje ta kasuwar intanet ta eBay suna da kariya ta kwana 30 bayan an kai kaya, idan suka tarar ba yadda aka bayyana su ba. Sai dai mutanenmu kan ba da adireshin wani ɗan aike a Amurka ko Ingila, shi kuma ya sake turo kayan gida. Ƙa'idar eBay ba ta kare kayan da aka sake turawa wani wuri bayan an kai su adireshin farko, kuma kafin su iso ma kwanakin sun tafi. In ka ga an rubuta "For parts or not working" a kan talla, ana nufin matacciya ce, don a ciri kayan gyara ake sayar da ita.

Ranar da ta iso

Ka sa wani ya ɗauki bidiyo da waya tun daga yanke selotef ɗin kwali har zuwa kunnawar farko. A nuna lambar shaida a fili. Wannan bidiyon ne zai raba gardama idan aka ce kai ka fasa.

Daga nan kada ka lallaɓa ta. Wasu sukan kunna, su ga ta kawo, su yi hamdala su mayar cikin jaka, sai bayan sati biyu su fara aiki da ita. Kwanakin garanti don gwaji aka ba ka su. Ka bar ta a kunne awa uku ko huɗu tana nuna bidiyo. Ka kashe, ka kunna, sau da yawa, da caja da kuma babu caja. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafar USB, da kyamara, da lasifika. Dalilin wannan wahala shi ne, akwai kwamfutar da aka gasa wa bod, wato babban farantin cikinta da sassa ke manne a kai, da iska mai zafi don ta farfaɗo. Irin wannan gyara yakan riƙe na ɗan lokaci, daga baya ta koma gidan jiya. Aiki mai tsawo ne ke tona asirinta.

Dell da HP suna da gwajin kansu a ciki. A Dell, da ka kunna ka yi ta danna F12, ka zaɓi Diagnostics. A HP ka danna Esc, sannan F2. Kwamfutar za ta binciki ram, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, da rumbun ajiyarta ta faɗa maka sakamako. Ka kuma shiga BIOS, wato shafin saiti da ke zuwa kafin Windows: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Ka duba ko lambar shaidar da ke nan ta yi daidai da ta ƙarƙashi, domin akan sauya murfin ƙasa.

A nan ma za ka ga ainihin injin da ke ciki. Mai sayarwa zai ce maka "Core i5 ce" ya yi shiru, alhali i5 zubi-zubi ce. A i5-6300U, lambar 6 tana nufin zubi na shida, a i5-8250U kuma na takwas. Wannan yana da muhimmanci domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa.

In ta ƙi tashi

Abu na farko, kada ka kwance ta, kada kuma ka kai wa mai gyaran unguwa. Masu shago sukan manna 'yar takarda a kan noti. Da ta yage, garanti ya tashi, za a ce kai ka taɓa. Abin da za ka yi shi ne ka lura da kyau a wane mataki ta tsaya, ka ɗauki hoto, ka sanar da mai kaya nan take a rubuce.

Idan babu ko ƙyallin fitila, fara da abin da ke waje. Sauya soket. Duba rubutun jikin caja: yawancin Dell da HP na neman bolt 19.5, Lenovo 20, ƙarfin caja kuma 45 ko 65 ko 90 wat. Sau da yawa jabun caja ake haɗo mutum da ita. Cire caja, cire batir in mai fita ne ta waje, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja ka gwada. Wannan kaɗai yakan tayar da wasu.

Idan fitila ta kawo, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito a can, matsalar allo ce ko igiyarsa. In bai fito ba, kalli fitila. HP takan ƙyafta fitilar Caps Lock, Dell kuma takan ƙyafta ruwan lemo da fari. Ƙyaftawar nan magana ce, kowane adadi da ma'anarsa. Ƙirga, ka ɗauki bidiyo. Wani lokaci ram ne kawai ya goce saboda girgizar mota, gyaran minti biyar ne. Duk da haka sai mai kaya ya amince a rubuce kafin a buɗe.

Idan tambarin kamfani ya fito sannan aka rubuta "No bootable device", ko a HP ka ga "3F0", kwamfutar ba ta ga inda Windows take ba. Ko rumbun ajiya ya goce, ko ya mutu, ko ba a ɗora Windows ba tun farko. In kuwa tana tashi amma kullum kwanan wata da agogo sun rikice, ƙaramin batir ne na kan bod ya mutu, mai bolt 3. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, kuɗinsa kaɗan ne.

Wadda ta fi duka ciwo ita ce mai lafiya ƙalau amma a kulle. Ka danna maɓallin shiga BIOS, sai ta nemi kalmar sirri. Ofishin da ya yi amfani da ita ne ya sa, aka manta ba a cire ba. A ThinkPad, idan kalmar sirrin mai kula ce, kamfanin Lenovo da kansa ba ya gogewa, sauya bod yake cewa a yi. Akwai kuma wadda ba ta nuna wata matsala sai ranar da aka sake ɗora Windows aka haɗa ta da intanet, sai sunan wani kamfani ko wata makaranta ta ƙasar waje ya bayyana, ana neman ma'aikacinsu ya shiga. Har yanzu tana cikin rajistarsu ke nan, su kaɗai ke iya sakinta. MacBook ta zamani ma haka take idan mai ita na farko bai cire asusunsa na Apple ba. Irin waɗannan kwamfutoci suna fitowa kamar lafiyarsu ƙalau a bidiyon talla, don haka kafin ka biya ka ce a nuna maka an shiga BIOS ba tare da kalmar sirri ba. Masu gyara za su ce maka suna iya zagaye kullen. Wani lokaci suna iyawa, amma yakan dawo, kuma wasu daga cikin kwamfutocin da ke kulle na sata ne. A ganina wannan ba ta gyara ba ce, ta mayarwa ce.

In mai kaya ya ƙi karɓa

Haɗa shaidarka wuri ɗaya: hoton talla, hirarku, shaidar tura kuɗi, rasit da bidiyo. Fara da lalama. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba, kuma yawancin 'yan kasuwa sun san haka. In yana da shago a kasuwa, kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar kasuwar, domin sukan sasanta irin wannan cikin sauri. Wannan ne ma dalilin da ya sa mai shago da adireshi ya fi wanda lambar waya kawai ka sani. In abin ya gagara, a Najeriya akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar koke ta intanet. Jihar Kano ma tana da tata hukumar.

Aikin gida

Nemi laftof ɗaya, taka ko ta maƙwabci. Kwafi lambar shaidarta a littafinka, ka kwafi bolt da wat na jikin cajarta. Sannan rubuta saƙo na layi biyar zuwa ga mai sayarwa, wanda ya ƙunshi tambayoyin nan uku na garanti da kuma neman hoton lamba. A zo da shi aji na gaba, kowa zai karanta nasa.