Cikin wajen mahaifa da cikin tagwaye: abin yi tun daga watannin farko

Abin gwajin fitsari da ake saya a famasi abu ɗaya yake faɗa: akwai ciki. Ba ya faɗin inda cikin ya zauna, ba ya kuma faɗin ko ɗa ɗaya ne ko biyu. Waɗannan amsoshi sai hoton ciki, wanda a asibitocin Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena ake kira ekografi. Matsalar ita ce mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, saboda kunya, musamman a cikin fari. A wannan lokacin, cikin da ya zauna a wajen mahaifa yawanci ya riga ya fashe, na tagwaye kuma lokacin da ya fi dacewa a gane irinsa ya wuce.

Kafin komai, 'yar'uwa, ki riƙa rubuta ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara. Daga wannan rana ake ƙirga makonnin ciki a asibiti, kuma duk makonnin da za a ambata a nan da wannan lissafi ne.

Yadda ciki ke zama a wajen mahaifa

Ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi a cikin ɗaya daga bututu biyu da ke haɗa ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Daga nan sai ya gangara cikin 'yan kwanaki ya manne a mahaifa. Idan bututun ya ƙuntace ko yana da tabo, ƙwan sai ya maƙale a hanya ya fara girma a can. Wannan na faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciki a bututun yake zama. Bututu ba ya buɗewa kamar mahaifa. Yawanci tsakanin mako na 6 da na 10 yake tsagewa, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Gara a faɗa a fili: irin wannan ciki ba ya rayuwa, kuma babu likita ko mai magani da zai iya mayar da shi cikin mahaifa. Abin da ake ceto shi ne ran uwa, da bututun idan an zo da wuri.

Abin da ya fi ɓata bututu shi ne ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko aka yi wa matar aka bar mijin, ya sake sa mata. Sai ciwon mara da ke biyo bayan ɓari ko haihuwar da ba a yi cikin tsafta ba, tiyata a mara, tarin fuka da ya taɓa bututu, shan taba, da kuma taɓa yin irin wannan ciki a baya. Robar tsarin iyali da ake sa wa a mahaifa ba ta jawo shi, amma idan ciki ya shiga alhali tana nan, dole a duba inda ya zauna. Kusan rabin matan da abin ke samu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, don haka kada wadda ba ta taɓa ciwo ba ta ce ita ta tsira.

Alamomin farko suna da ruɗi. Ciwo a gefe ɗaya na mara, yana zuwa yana tafiya ko ya tsaya cak. Jini kaɗan-kaɗan, baƙi-baƙi, ba kamar na al'ada ba. Wata ma ba ta san tana da ciki ba, ta ɗauka al'ada ce ta yi jinkiri sannan ta zo da wasa. Wata a ce mata ɓari ne, a haɗa mata jiƙo. Wata kuma a ba ta maganin taifot ko na tsutsar ciki saboda tana jin murɗa da son zagayawa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce: duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, ta zo da ciwon mara, a yi mata gwajin ciki, ko da ta ce ba ta da shi.

Idan bututu ya fashe, abin ba ya ɓoyuwa: ciwo mai tsanani farat ɗaya, jiri, zufa mai sanyi, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, zuciya na bugawa da sauri, suma. Akwai alama ɗaya da ake yawan rainawa, wato ciwo a ƙarshen kafaɗa, musamman idan ta kwanta. Jinin da ya taru ne yake taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, jijiya ta kai ciwon kafaɗa. Kada a auna haɗarin da jinin da ake gani a zane. Mace na iya zubar da lita biyu a cikin cikinta alhali ɗigo kawai ya fito waje.

Maigida, a wannan hali aikinka ne. A kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, kada a ba ta abinci ko ruwa domin tiyata za a yi. A nemi mota, don wadda jiri ke ɗiba ba ta zama a bayan babur. A wuce kai tsaye asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, wato asibitin gunduma ko babban asibitin yanki. Ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa iyakarta ta sa ruwa ta tura gaba. A tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, domin a asibitoci da yawa sai dangi sun bayar ake samu. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a jira wanda ya yi tafiya ya dawo ya ba da izini.

Abin da za a yi a asibiti

Idan ba ta galabaita ba, za a yi ekografi. Wanda ake yi ta gaba ya fi na kan ciki gani a makonnin farko, kuma ba ya cutar da ciki; mace na da damar neman mace ta yi mata. Idan gwaji ya nuna ciki amma mahaifa wayam, sai a auna sinadarin ciki a jini, beta hCG. Idan ya haura 1,500 zuwa 2,000 kuma ba a ga komai a mahaifa ba, zargi ya yi ƙarfi. Idan bai kai ba, a sake aunawa bayan awa 48: a ciki mai lafiya yana ƙaruwa da rabi ko fiye, a na waje kuwa yakan tsaya ko ya hau a hankali. Wadda aka ce ta dawo bayan kwana biyu, ta dawo.

Magani iri biyu ne. Idan bututu bai fashe ba, ƙullin cikin bai kai santimita 3.5 ba, babu bugun zuciyar ɗan tayi, sinadarin kuma bai kai 5,000 ba, ana iya yin allurar metotireksat, wadda ke tsayar da girman cikin har jiki ya shanye shi. Ana sake auna jini a rana ta 4 da ta 7, a ga ya sauka da aƙalla kashi 15 cikin 100, sannan kowane mako har ya ƙare. Wadda aka yi wa allurar ta dakatar da ƙwayar folik asid don tana karya ƙarfin maganin, ta guji magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, ta dakata da saduwa, kuma kada ta ɗauki ciki sai bayan wata 3. Ba a yi wa mai shayarwa. A ganinmu wannan hanya ba ta dace da wadda gidanta ke nesa da asibiti ba, ko wadda ruwan mayo ke yanke wa hanya da damina, domin bututu na iya fashewa ko bayan allurar.

Sauran duka tiyata ce: ko a cire bututun, ko a tsaga shi a fitar da cikin a bar shi. Wadda rukunin jininta rezus nagatif ne ta tambayi allurar anti-D, mai hana jininta cutar da jaririn ciki na gaba. Cire bututu ɗaya ba ya hana haihuwa idan ɗayan lafiya yake, kuma mata da yawa suna sake ɗaukar ciki. Sai dai kusan 1 cikin 10 abin yakan maimaita, don haka ciki na gaba a yi ekografi tun mako na 6 ko na 7.

Idan hoto ya nuna biyu

Yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yana cikin wuraren da aka fi haifar tagwaye a duniya, shi ya sa Hassan da Hussaini da ƙaninsu Gambo ba baƙi ba ne a kowace unguwa. Sabo da abin ne ma yake sa a ɗauke shi kamar sauran ciki, alhali ba haka yake ba.

Tambayar da za ki yi wa mai hoto ba ta jinsi ba ce: mabiyiya nawa ce, jakar ruwa nawa? Tsakanin mako na 11 da na 14 aka fi ganewa, bayan haka yana wuya. Tagwayen ƙwai biyu, waɗanda suka fi yawa a wajenmu, kowanne da mabiyiyarsa da jakarsa. Na ƙwai ɗaya kuwa sukan yi tarayya a mabiyiya, wani lokaci har da jaka. Masu mabiyiya ɗaya jijiyoyin jininsu a haɗe suke, kuma a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 jini yakan karkata wajen ɗaya, ruwa ya yi masa yawa, ɗayan ya tsumbure. Shi ya sa ake duba su kowane mako 2 daga mako na 16, masu mabiyiya biyu kuma kowane mako 4 daga tsakiyar ciki. Idan ciki ya kumbura cikin 'yan kwanaki, ya yi tauri, numfashi na wuya, a je a duba. A sa a rubuta amsar a katin awo.

A yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru akwai shirin Chèque Santé, inda mai ciki ke biyan sefa 6,000 ta samu awo, ekografi, haihuwa, har da tiyatar haihuwa idan ta kama, a asibitocin da ke cikin shirin. Mai tagwaye ta yanka shi tun awon farko, ta kuma tambaya ko hotunan ƙari suna ciki.

Laulayi yakan fi tsanani, amma abubuwa uku ne suka fi kai mai tagwaye ga haɗari. Na farko ƙarancin jini. Ƙwayar ƙarin jini mai ayan da folik asid kullum ake sha, kuma ba da shayi ba, don shayi na hana jiki tsotse ta. A haɗa da hanta, kifi, wake, zogale da ƙwai, a riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida tunda ciki ba ya ɗaukar tuwo mai yawa lokaci guda. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jini, don haka gidan sauro kowane dare, da Fansidar da ake bayarwa a wurin awo daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau 3.

Na biyu hawan jinin ciki, wanda ya ninka sau biyu zuwa uku a mai tagwaye. A auna hawan jini, a gwada fitsari a kowane awo. 140 bisa 90 ko sama ba abin jira ba ne. Ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, su ne ke zuwa kafin jijjiga. Jijjiga ba iska ba ce, kuma maganinta allurar magneziyam ce a asibiti. Likita na iya rubuta ƙaramin asfirin daga mako na 12 don rigakafi; kada a saya da kai.

Na uku haihuwar bakwaini. Fiye da rabin tagwaye suna zuwa kafin mako na 37. Ciwon baya mai zuwa da tafiya, ciki na ɗaurewa a kai a kai, zubar ruwa ko jini, duk a tafi nan take. Idan ba a kai mako na 34 ba, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun jarirai ya yi ƙwari, kuma tana son kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta yi cikakken aiki. Daka, ɗaukar itace da jan ruwa a rijiya, a sauke mata su tun wata na shida. Amma kwanciya dare da rana ba ta hana bakwaini.

Ranar haihuwa

Ba a barin tagwaye su cika mako 40. Masu mabiyiya biyu ana son su fito a mako na 37 zuwa 38, masu mabiyiya ɗaya a na 36, masu jaka ɗaya kuwa ta tiyata tsakanin 32 da 34. Wadda ke ƙauye ta koma kusa da asibiti tun wata na takwas, wajen dangi a Gidar ko Yagwa ko Kuseri, duk inda ke da ɗakin tiyata.

Idan na farko ya zo da kai, ana iya haihuwa da kai. Idan ya zo da ɗuwawu ko ya gitta, tiyata ta fi aminci. Haɗarin ya fi yawa a kan na biyu: da zarar ɗan'uwansa ya fita sai fili ya samu, yana iya juyawa ya gitta, cibiya na iya rigansa fitowa, mabiyiya na iya saki. Ana son ya biyo baya cikin kusan minti 30, kuma ana iya buƙatar hannun da ya iya juya shi, abin da ungozomar gida ba ta da kayan yinsa. Allurar oksitosin da ake yi don tsayar da jini, sai bayan na biyu ya fito ake yin ta. Idan aka yi bayan na farko, mahaifa za ta matse na biyun a ciki. Mahaifar da ta ɗauki biyu takan yi sanyin tsukewa, don haka zubar jini bayan haihuwa ya fi yawa, kuma a nan ma a tanadi masu ba da jini tun kafin naƙuda.

Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su. Kaka ko uba na iya ɗaukar ɗayan haka. Kada a yi gaggawar yi musu wanka. Nonon uwa ɗaya yana isar biyu, domin yawan tsotso ne ke kawo yawan nono, sai a riƙa sauya musu gefe. Mai jegon tagwaye ta yi sauƙi da kunun kanwa, gishirinsa na tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya. Idan ta fara haki in ta kwanta, ko ƙafafu suka ci gaba da kumbura bayan haihuwa, a mayar da ita asibiti ba tare da jiran arba'in ba.