Agwagwar Mandarin a Bakin Gulbi: Inda Ake Yawan Tuntuɓe Wajen Gane Ta

Agwagwar mandarin 'yar gabashin Asiya ce, wato Sin, Japan da gabashin Rasha. Ba ta yin ƙaura zuwa Afirka. Saboda haka in an gan ta a gulbin Rima ko tafkin Kware, daga gidan wani mai kiwon tsuntsayen ado ta tsere.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da launi kawai. Ana hango ruwan goro a jikin tsuntsu sai a ce mandarin ce, alhali muna da tamu 'yar ƙaramar agwagwar da ke zama cikin bado, mai ruwan goro a ƙirji da haƙarƙari. Ita tsawonta bai wuce santimita 30 zuwa 33 ba, bakin namijinta rawaya ne. Mandarin kuwa takan kai santimita 41 zuwa 49, bakin toronta ja ne, ƙirjinsa shunayya da fararen layuka 2 a tsaye, ga gashi guda 2 masu faɗi a miƙe bisa bayansa. Baki za a fara dubawa, sannan girma.

Cikin hunturu akwai wata agwagwa mai zuwa daga Turai, namijinta yana da farin layi bisa ido kamar toron mandarin. Nata bakin toka-toka ne, kuma garke take tafiya.

Macen mandarin, mai kalar toka, ita ce ke ba mutane wuya, domin ta yi kama da 'yar'uwarta ta Amurka da ake kira karolina, wadda ita ma ake kiwo. A duba ido: na mandarin farin zobe ne siriri da layi kamar na kwalli ya ja baya, na karolina fari ne mai kauri. Ƙarshen bakin mandarin yana da haske, na karolina baƙi ne. Sannan ba duk mai kalar toka ce mace ba. Bayan lokacin ƙyanƙyasa toron yakan zubar da adonsa ya koma kamar mace na wasu makonni, jan bakin ne kawai ke tona shi. Mai saye da bai san haka ba sai ya ɗauko toro biyu yana jiran ƙwai.

Shaidar tserewa tana ƙafa da fiffike: zoben roba ko na ƙarfe, fiffike ɗaya ya fi ɗaya gajarta, da rashin tsoron mutane.

Masu kiwon ma da nasu laifin. Suna datse gashin fiffike sau ɗaya su manta, gashin kuwa yana sake fitowa duk shekara. A riƙa datse dogayen gashin ƙarshen fiffike, na ɓangare ɗaya kaɗai, don in an yi duka biyun tana iya daidaita tashi. Kada a taɓa sabon gashin da jini ke cikinsa. Wadda aka kamo daga gulbi a ware ta aƙalla mako 2 kafin a haɗa da sauran, saboda murar tsuntsaye.