Yadda Ake Rubuta Tarihin Ɗinkin da Aka Kammala Cikin Shekara

Duk wanda ya daɗe a kan keken ɗinki ya san cewa aikin da aka gama ba ya zama a hannun wanda ya ɗinka shi. Riga takan tafi wurin mai ita, bargon da aka harhaɗa da ƙyallaye ya tafi wurin wanda aka yi wa kyautarsa, kuma bayan wata shida, idan aka nemi a sake yin irinsa, sai mutum ya tarar ya manta yadi nawa ya ci da kuma irin zaren da ya yi amfani da shi. Abin da ke magance wannan shi ne littafi guda mai ƙwarin bango, wanda za a keɓe wa shekara ɗaya, a riƙa ajiye shi kusa da keke inda hannu zai kai gare shi ba tare da an tashi ba.

Kafin a rubuta komai, ya kamata mai ɗinki ya yanke wa kansa abin da yake nufi da kammalawa. A ganina, riga ba ta kammala ba sai an yi mata kalmasa, an sa maɓalli ko zif, an yanke zaren da ke reto, an kuma goge ta. Shi kuwa bargon ƙyallaye hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, audugar da ke tsakiya, da yadin baya. Haɗa fuskar kaɗai rabin aiki ne, komai kyanta. Sai an ɗinke hawa ukun tare, an kuma naɗe bakin bargon, sannan ya cancanci shiga littafi.

A ba kowane aiki shafi guda da lambarsa, misali 1 ga aikin farko na watan Janairu, a ci gaba da ƙirga har ƙarshen Disamba. A saman shafin a rubuta ranar da aka fara da ranar da aka gama, sannan awon aikin bayan an kammala shi, da wanda aka yi wa. Sai kuma a zo kan bayanan da ake saurin mantawa, waɗanda su ne ainihin amfanin littafin. A rubuta yawan yadin tare da faɗinsa, domin yadi biyu na auduga mai faɗin inci 44 ba daidai yake da yadi biyu na mai faɗin inci 60 ba. A rubuta lambar allura, ko 80/12 ce da ake yawan sa wa auduga ko 90/14 ta yadi mai kauri, da tsawon taku na ɗinkin, wanda a yawancin kekuna yakan kasance milimita 2.5. A rubuta ratar da aka bari tsakanin ɗinki da bakin yadi: a haɗin ƙyallaye rubu'in inci ce, wato kusan milimita 6, a tufafi kuwa takan kai santimita 1.5. Haka nan a faɗi ko an wanke yadin kafin a yanka shi, tunda auduga tana tsukewa a wankin farko.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ƙyalle. A yanki ɗan guntu kamar faɗin yatsa biyu daga kowane yadin da ya shiga aikin, a maƙala shi a gefen shafi da zare ko gam, a kuma ɗaura ɗan zaren da aka yi ɗinkin da shi a kusa. Hoto a waya yana da amfani, amma haske yana sauya launi, kuma hoto ba ya nuna taushin yadi ko kaurinsa. Idan gefen yadin yana ɗauke da sunan kamfani da ɗigogin launukan da aka buga, wannan gefen ne ya fi dacewa a yanka, domin da shi za a gane yadin ranar da aka koma nemansa.

A ƙasan shafi a bar layi uku don faɗin gaskiya game da aikin: inda aka farke ɗinki aka sake, inda kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, da abin da za a sauya nan gaba. Wannan rubutu a ranar da aka gama ake yin sa, kafin aikin ya bar ɗaki, domin wanda ya ce sai gobe, abin da zai tuna shi ne kyan aikin kawai.

Ayyukan da aka fara ba a gama ba su ma suna da wurinsu a shafukan ƙarshe na littafin, kowanne da matakin da aka tsaya. A ƙarshen kowane wata a duba su, a zaɓi guda ɗaya a gama kafin a yanka sabon yadi. Idan Disamba ta ƙare, a ƙirga shafukan gaba, a duba ayyukan da suka fi cin lokaci da yadin da ya yi ragowa, sannan a kwafe abin da ya rage a shafukan baya zuwa sabon littafi, tare da ainihin ranar da aka fara kowanne.