Yadda na gyara akwatin kifin betta mai shamaki a tsakiya

Mazajen kifin betta, waɗanda asalinsu ƙasar Tailan ne, ba sa zama wuri guda ba tare da faɗa ba, shi ya sa na raba akwatin gilashina gida biyu. Matsalar ita ce shamakin yana nuna abin da ke bayansa, don haka kullum suna ganin juna suna baza fiffike, har ɗaya ya daina cin abinci, launinsa ya dusashe.

Na cire shamakin na sa na roba baƙi mai ƙananan ramuka, wanda ke tare gani amma ruwa yana ratsa shi, domin na'urar ɗumama ruwa ɗaya ce, kuma ina son ɓangarorin biyu su tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 27. Na dasa tsirran ruwa a jikinsa, na toshe gefunansa sosai. Tun da betta gwanin tsalle ne, na rage ruwan kaɗan na sa murfi, tare da barin sarari, saboda yana hawowa sama ya shaƙi iska. Bayan 'yan kwanaki mai ƙin abincin ya koma ci, launinsa ya dawo.