Yadda za ka zaɓi safar hannu idan kana wanke gilasan tagogi a sanyin Turai

Wanda ya taso da sanyin hunturu a Kano ko Damagaram, ya tsinci kansa yana wanke gilasan tagogi a Manchester ko Hamburg a watan Janairu, kuskuren da yakan fara yi a kanti shi ne ya ɗauki safar hannun da ta fi kowace kauri. Sanyin da ya saba da shi busasshe ne, kauri yana maganinsa. Na can kuwa jiƙaƙƙe ne. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska take yi, shi ya sa safa mai kauri da ta jiƙe sharkaf ta fi siririya busasshiya daskarar da yatsu. Ga shi aikin da ruwa ake yinsa tun safe har faɗuwar rana. Da zarar fatar yatsu ta yi sanyi zuwa wajen digiri 15, hannu zai fara gardama: robar sharce ruwa ta riƙa barin layi a gilashi, tsumma ya riƙa suɓucewa, riƙon tsani ya yi sako-sako.

Kafin ka duba kowace safa, duba irin aikinka. Mai aiki da bokiti da soson shafa sabulu da robar sharce ruwa, hannunsa yana cikin ruwan sabulu kai tsaye, kuma yana buƙatar jin bakin robar a yatsunsa lokacin da yake juya ta a kusurwar gilashi. Mai aiki da doguwar sanda mai tiyo, wadda ke feso tataccen ruwa daga tankin mota, ba ya tsoma hannu a bokiti, amma hannayensa suna sama da kafaɗa tsawon sa'o'i, jini ba ya isa yatsu sosai, ruwa kuma yana gangarowa ta jikin sandar. Na farko siririya yake so, wadda ruwa ba ya ratsa ta ko'ina. Na biyu zai iya ɗaukar mai ɗan kauri, muddin tana kama jiƙaƙƙiyar sanda kuma yana iya buɗe maƙallan sandar ba tare da ya cire ta ba. Idan sandar ko tsanin na alminiyum ne, ƙara lura da tafin safar, domin alminiyum yana jan ɗumi daga hannu da sauri fiye da sandar kabon, baƙar sandar nan mara nauyi.

Irin safar da za ka tarar

Wadda aka fi dangantawa da wannan sana'a ita ce ta niyofirin, robar nan mai kumfa a ciki da ake ɗinka kayan masu ninƙaya da ita. Kamfanin Unger, mai ƙera kayan wanke gilashi, yana yin irinta, a Amurka kuma masu sana'ar suna yawan amfani da Glacier Glove. Ƙananan kumfan iskar da ke cikin robar su ne ke riƙe ɗumi, don haka ko ɗan ruwa ya shiga, jiki yana ɗumama shi ya zauna. Kaurin milimita 2 zuwa 3 ya isa. Ta milimita 5 ta masu nutso a teku ce, da ita ba za ka ji robar sharce ruwa a hannunka ba, kuma kafin azahar tsintsiyar hannu ta gaji da matse ta. Abin dubawa a nan ɗinki ne. Juya safar ka duba cikinta: idan zaren ya huda ya fito ta ɗaya gefen, kowace huda ƙofar ruwa ce. Mai kyau ita ce wadda aka fara manne gaɓoɓinta da gam, sannan aka yi ɗinkin da allura ba ta ratsa robar duka ba. Duk da haka, tsakanin babban yatsa da manuni nan take fara mutuwa, inda sanda ke gugarta. Ba ta kuma fitar da gumi ko kaɗan, bayan kwana biyu ba wanki za ka ji warinta.

Sai saƙaƙƙiyar safar ma'aikata mai gashi-gashi a ciki, wadda aka tsoma a roba. A nan mutane suka fi faɗawa rami. Yawancin masu arha tafin hannu da yatsu kaɗai aka shafe da roba, bayan hannu saƙa ne kawai. Ga mai ɗaukar bulo ba laifi, ga mai wanke taga kuwa tsomawa ɗaya a bokiti ta gama da ita. Nemi wadda aka tsoma gaba ɗaya har wuyan hannu, kuma sau biyu: shafin farko mai santsi da ke tare ruwa, na biyu mai kaushi a tafi don riƙo. Ta leteks, wato robar itace, ta fi laushi a sanyi da kama jiƙaƙƙen abu. Ta naitiril, wato robar haɗi ta masana'anta, ta fi jure guga da maiƙo, sai dai takan ɗan ƙandare idan sanyi ya tsananta. Rauninsu duka biyu shi ne saƙaƙƙen bakin da ke wuyan hannu, wanda ke tsotsar ruwa kamar lagwani ya kai shi ciki.

Akwai kuma masu tare ruwa su bar tururin gumi ya fita. Showa Temres 282, shuɗiyar safar nan ta Japan, ita ce misalin da aka fi sani, ba ta da nauyi kuma ba ta taurara a sanyi. Awonta yakan yi ƙanƙanta, mutane da yawa sukan ɗauki lamba ɗaya sama da tasu. Sealskinz ta Ingila tana yin saƙaƙƙiya mai siririn shafi mai tare ruwa a tsakiya. Irin wannan cikinta yana zama a bushe, amma saƙar waje tana jiƙewa, iska ta bugo ta sanyaya, sai ka rantse ruwa ya shiga alhali bai shiga ba. A ranar yayyafi tana da daɗi, a cikin bokiti kuwa ba ita ba ce zaɓin farko.

Safar ulu zalla, da ta fata, da ta masu wasan ƙanƙara, bar su a gida. Ta fata tana santsi idan ta jiƙe, ta bushe ta zama kamar kilishi.

Karanta lambobin da ke bayan safar

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, safar aiki ta gaskiya tana ɗauke da alamomi. Ta sanyi ita ce EN 511, hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a cikin garkuwa, da lambobi uku a ƙasa. Ta farko, daga 0 zuwa 4, juriyar sanyin iska ce. Ta biyu, ita ma 0 zuwa 4, juriyar sanyin abin da ka riƙe, kamar matakalar tsani. Ta uku ita ce taka: 1 na nufin ruwa bai ratsa ba a gwaji, 0 na nufin ya ratsa. Harafin X yana nufin ba a gwada wannan ɓangaren ba. Safa mai 221 ta fi maka mai 330, duk da lambobin ta biyun sun fi cika ido. Idan an rubuta a leda cewa safar tana “korar ruwa” amma lamba ta uku 0 ce ko X, yayyafi ake nufi.

EN 388, mai hoton guduma, tana nuna juriyar guga, yanka, yagewa da huda, sannan tun gyaran 2016 aka ƙara harafi daga A zuwa F don gwajin yanka na biyu. Lambar farko, ta guga, ita ce ke gaya maka ko safar za ta jure sanda. Nemi 3 ko 4. Wanda ke yawan kankare fenti da siminti a sabbin gine-gine da faffaɗar reza ya duba harafin yankan ma, domin yatsan da ya sandare ba ya jin reza sai an ga jini.

Awo da gwaji

Lambar safar Turai kewayen tafin hannu ce a inci. Zagaya tef a tafin, ƙasa da tushen yatsu, ban da babban yatsa: wajen santimita 20 lamba 8 ke nan, 23 lamba 9, 25 da rabi lamba 10, 28 lamba 11. Matsattsiyar safa tana tare jini, yatsu su fi saurin daskarewa fiye da in babu ita. Wadda ta yi yawa kuma tana barin fanko a kan yatsu, ya riƙa naɗewa a ƙarƙashin tsumma. Abin da ake so shi ne ka dunƙule hannu ba tare da ka ji ja a bayan yatsu ba, kan yatsa kuma ya kusa taɓa ƙarshe. In za ka sa siririyar safa a ciki, gwada su tare.

Gani ya kori ji, saboda haka sayi guda ɗaya tukuna. A gida, naɗa takardar goge hannu a yatsunka, sa safar, ka tsoma a bokitin ruwan sanyi har kusa da baki na minti 5 kana buɗewa kana dunƙulewa. Takardar za ta nuna maka inda ya shiga. Sannan zuba sabulun wanke kwanon da kake aiki da shi a ruwan ka riƙe hannun robar sharce ruwa, domin safar da ke kama abu a ruwa zalla takan zama sulɓi a ruwan sabulu. Daga ƙarshe ɗauki kwabo daga kan tebur, buɗe maƙallin sanda, zare roba daga maƙalarta ka mayar. Duk abin da ya tilasta maka cire safar a ɗaki zai tilasta maka cire ta sau ashirin a titi, kuma kowace cirewa jiƙaƙƙen hannu ne ke komawa ciki.

Bakin safa da hannun riga

Wannan ƙaramin abu ne da ke lalata safa mai tsada. Ruwa ƙasa yake bi, don haka a jera su kamar kwanon rufi, na sama ya hau kan na ƙasa. Idan kana aikin sanda hannuwa suna sama, ruwa yana tahowa daga yatsu zuwa gwiwar hannu, sai bakin safar ya hau kan hannun rigar ruwan. In ka cusa safar cikin hannun riga, ka yi wa ruwa mazurari har hammata. Idan kuma aikin ƙasa kake yi ana ruwan sama, hannuwa suna kallon ƙasa, hannun riga ne zai rufe bakin safar. Mai yin duka biyu ya nemi safa mai dogon baki da maɗaurin da ke matse wuyan hannu. Wasu kan ƙara ɗamarar tawul irin ta 'yan ƙwallo a wuyan hannu, ta tsotse ɗigon da ya kuɓuce.

Gumi, canji da shanya

Ko safar da ba ta yoyo ko ɗigo tana jiƙewa ta ciki da gumi, musamman bayan hawa da saukar tsani. Shi ya sa guda biyu ko uku masu matsakaicin kuɗi sun fi guda ɗaya mai tsada amfani. Canza da zarar ka ji danshi, kada ka jira sai yatsu sun mutu. Ajiye busasshiyar a aljihun cikin riga inda jiki ke ɗumama ta, jiƙaƙƙiyar kuma ka juya ta ka ɗora kusa da inda iskar ɗumi ke fitowa a mota. Siririyar safar ciki ta ulu ko zaren roba na akirilik ta fi sauƙin canzawa da bushewa. Ta auduga ba ta da amfani a nan, tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata. Dabarar sa siririyar safar asibiti ta naitiril a can ciki tana hana gumi jiƙa gashin safar waje, kuma tana aiki, sai dai fata tana zama cikin nata gumin ta yi laushi ta yamutse, don haka kada ta wuce 'yan sa'o'i.

Da dare a ɗauraye ciki da waje da ruwa mai ɗan ɗumi, a juya, a rataye yatsu suna sama a inda iska ke wucewa. Kada a ɗora kai tsaye a kan ƙarfen ɗumama ɗaki ko a jefa a injin busar da kaya. Zafi yana sakin gam ɗin niyofirin, yana kuma tsattsaga leteks.

Fatar hannun kanta

Ruwan sabulu da sanyi suna wanke maiƙon fata, sai kaushi da tsagewa a gefen farce. Man kaɗanya da dare yana taimakawa sosai. Basilin kuwa kada a shafa shi sannan a sa safar leteks, man fetur ne tushensa kuma yana cin robar. Bayan alwalar azahar ko la'asar, waɗanda a gajeriyar ranar sanyi suke zuwa kusa da juna a tsakiyar aiki, tsane hannu sosai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safar. Idan ƙaiƙayi da ƙuraje suka fito daidai inda safar ta tsaya, mai yiwuwa jikinka bai karɓi leteks ko sinadaran haɗa roba ba, sai a koma wani iri a kuma nuna wa likita.

Safar sanyi ba ta kare hannu daga sinadari. Wasu magungunan cire tabon ruwa a gilashi masu asid ne, cikinsu har da masu sinadarin fuloraid da ke ratsa fata ya yi ɓarna tun kafin a ji zafi. Waɗannan suna buƙatar safa dabam mai alamar EN ISO 374, wadda takardar bayanin maganin ta ambata. Haka ma ruwan wanke gilashin mota da wasu ke zubawa a bokiti don kada ruwa ya daskare: wani yana iya ƙunsar metanol, sinadari mai guba da ke shiga jiki ta fata.

Wanda yake aiki a ƙarƙashin kamfani a Ingila ya sani cewa dokar kayan kariya ta 1992 ta ɗora wa kamfanin alhakin samar da irin waɗannan kaya kyauta idan aikin yana buƙatarsu, kuma tun Afrilun 2022 ta haɗa da ma'aikatan wucin gadi da yawa.

Idan yatsa ya yi fari ko toka-toka, ya daina ji, sauka daga tsani nan take. Sa hannun a hammata ko a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Kada a murza shi, kada a kara shi a wuta ko ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Zugi zai biyo baya lokacin da jini ke komawa. Idan jin bai dawo ba, ko bororo ya fito, ko yatsu suna yin fari a kai a kai ko da sanyin bai kai ya kawo ba, a je asibiti.