Yadda za ka gane ko agogo mai tsada ya cancanci kuɗinka

Ɗan uwa idan ka saida riɗi ko shinkafa kuɗi sun shigo, zuciya ta fara raya maka Rolex, tsaya tukunna. Fara tambayar kanka, don ganin lokaci kake so ko don ado? In lokaci ne, Casio F-91W da ta fito tun 1989 ta wadatar, batirinta na kai wajen shekara 7, kuma ta fi agogon inji (marar batir) na Suwizalan irin su Rolex riƙe lokaci daidai.

In kuma ka nace, to ka sani Rolex na gaske miliyoyin naira ne, duk wanda ya miƙo maka a kasuwa a dubu hamsin jabu ne wallahi. Ka duba hannun sakan, na gaske tafiya yake sumul, ba ya tsalle ɗaiɗai. Ka ji nauyinsa a hannu, ka nemi katin garanti, lambar da ke kai ta dace da ta jikin agogon. Sannan ka tuna yana buƙatar sabis, kuma mai gyaran agogo na ranar kasuwa ba shi da kayansa.

Masu cewa jari ne, agoguna ƙalilan ne ke riƙe daraja, galibi kana ɗaurawa farashi ya faɗi. Ni dai da wannan kuɗin gara in je Maigatari in sayo bijimai in yi kiwo, ko in haƙa rijiyar burtsatse a gona don noman rani.